Ragowar Gurasar Elyor

Kwana tara Elyor ya yi a Tashkent bai taka gidan uwarsa ba. Daga otel ɗin da ya sauka zuwa unguwarsu ta bayan kasuwar Chorsu tasha huɗu ce kacal a jirgin ƙasa, amma da yake yanzu shi babban mutum ne, mai aikin zane da haske, tasha huɗun nan ta fi masa Koriya nisa. Kullum da safe sai ya turo wa uwar tasa saƙon murya: "Oyi, yau kam in sha Allahu ina nan tafe." Da yamma kuma ya turo wani: "Oyi, injin ne ya ba mu matsala." Sanobar, uwar, ta sha jin labarin injin nan har ta fara jin kamar shi ta haifa.

Rana ta goma ita ce ranar buɗe aikin nasa a gidan tarihi, washegari kuma jirginsa zai koma Seoul, can Koriya inda yake zaune. Da hantsi Sanobar ta rufe tanderunta, ta taka kujera, ta sauko da gurasar daga bango.

Shekara bakwai gurasar nan tana rataye a ƙusa, sama da ƙofar ɗakinsa. Ita ta gasa ta ranar da zai tafi, ya ciza sau ɗaya a bakin ƙofa kamar kowane matafiyi, ta karɓi sauran ta rataye. Wanda ya bar rabonsa a gida, rabon zai jawo shi. In ya zo ya cinye sauran, to ya dawo. In bai ci ba, ko a bayan katangarka yake kwana, har yanzu a hanya yake. Sanobar ba ta taɓa zama ta tambayi kanta ko ta yarda da wannan ba, kamar yadda ba ta taɓa tambayar kanta ko ta yarda da gishiri ba. Abin da ta sani shi ne yau ce rana ta ƙarshe, kuma sai yaron nan ya ƙarasa cizonsa. In shi ƙafarsa ta yi nauyi, ita tata lafiya lau.

Tana naɗe ta cikin farin ƙyalle Tursunoy ta shigo. Ƙanwar marigayi mijinta ce, mace mai haƙoran zinare huɗu da bakin da ba ya kwana da magana. Ta ci ado da rigar biki mai ƙyalli, wai ita ma kada haske ya raina ta.

"Opa, yayata, wai da gaske da wannan tsohon faifan za ki shiga cikin manyan mutane?"

"Da shi zan shiga."

"To Allah ya sa sun ajiye likitan haƙori a ƙofa."

Gidan tarihin nan Sanobar ta san shi tun tana 'yar makaranta, lokacin da manyan zannuwan ɗinkin hannu suka rufe bangon babban ɗakin. Yanzu an kwashe su an kai ɗakin ajiya, an shafe bangon da baƙin fenti, don ci gaba ya samu wurin zama. A harabar, darakta yana ta jawabi. Mutum ne gajere mai kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, ya faɗi kalmar "zamani" sau goma sha ɗaya, Tursunoy ce ta ƙirga. Don hoton jarida ya nuna cewa abin na jama'a ne, ya aika mota biyu unguwanni an kwaso tsofaffi 'yan fansho, aka jera su gaba, maza da hulunansu masu kusurwa huɗu, mata da manyan gyalensu, kowa yana jiran a gama a ba shi shayi.

A bakin ɗakin aka ba kowa leda shuɗiya guda biyu ya sa a kan takalminsa.

"Ikon Allah," in ji Tursunoy tana nishi tana sakawa. "Mu da muke tuɓe takalmi a gidan kowa, yau an ɗinka wa takalmin riga."

Mai gadi ya nuna jakar Sanobar. "Inna, babu abinci a ciki ko? An hana."

"Babu."

Da suka wuce Tursunoy ta raɗa mata, "Kada ki damu, ba ƙarya kika yi ba. Rabon gurasar nan da zama abinci tun kafin in yi jika."

Nan ta hango shi. Baƙar riga, baƙin wando, gashi ɗaure a ƙeya, wani ɗan abu maƙale a kunne yana magana da shi. Ya rame. Duk faɗan da ta shirya tun daga gida ya zube. Ya gan ta, ya taho da sauri, ya rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya.

"Oyi! Kin zo! Goggo, sannu da zuwa. Ku shiga, ku shiga, za ku ga abin mamaki. Ana gamawa ina zuwa, minti biyu."

"Elyor, na kawo maka..."

"Minti biyu, Oyi!"

Har ya ɓace bayan labule. Tursunoy ta bi shi da kallo. "Shekara bakwai, rungumar hannu ɗaya. Da ya yi goma sha huɗu da kin samu biyu."

Aka rufe ƙofa, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Wata muryar mace mai taushi ta sauko daga rufi: "Ku saki jikinku. Ku zagaya. Ku zama ɗaya da haske."

"In wuta ta ɗauke a unguwarmu kyauta muke samun wannan," in ji Tursunoy a cikin duhun. Wani tsoho ya yi dariya har da tari.

Sai taurari suka fito, sama da ƙasa da kowane bango, har mutum ya rasa inda ɗakin ya ƙare. Matasa suka ɗaga wayoyi gaba ɗaya. Taurarin suka narke suka zama farin fili, aka ji sarewa mai ban tausayi, fili ya buɗe ya zama gonar auduga iya ganinka. Matasan suka ce wayyo daɗi. Tsofaffin suka yi gurnani.

"Auduga!" in ji wata mata a bayan Sanobar. "Shekara goma sha biyu ana kwasar mu daga aji muna tsinta har yatsu su fashe, yau an ɗauko mu a mota mu zo mu yi sha'awarta. Ina buhun? A ba ni buhu in ƙarasa ladan."

Bayan auduga sai shuɗin tayil na tsofaffin masallatai, yana juyawa yana haihuwar kansa. Bayansa rumman, manya-manya, suna fashewa, 'ya'yansu ja suna gangarowa ta kan fuskokin mutane. A nan kam Sanobar ta manta da fushi. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Yaron da yake kwance mata fitilar ɗaki don ya ga abin da ke ciki, yau ga shi ya sa mutum ɗari sun saki baki. Ta ji alfahari ya cika mata ƙirji, ta so ta kama matar audugar ta ce mata, ni na haife shi.

Sai ɗakin ya yi ja, aka ji ƙarar wuta, bango huɗu suka zama cikin tanderu. Ga gurasa manne a jiki, zagaye-zagaye, gefensu ya tashi, riɗi ya yi musu ado. Sanobar ta dubi tsakiyar ɗaya, ta dubi ta kusa da ita. Furen da ke tsakiya mai ganye takwas ne, ganye ɗaya ba shi da ɗigo na ƙarshe. Hatiminta ne da take danna wa gurasa, wanda ƙusarsa ɗaya ta karye tun mijinta yana raye.

Bara ne Elyor ya kira ta ya ce ta ɗaukar masa hoton gurasarta, sama da ƙasa da gefe, har guda arba'in. Ta ɗauka kewar gida ce ta kama shi. Ranar har kuka ta yi a gindin tanderu, ta gaya wa maƙwabta cewa yaron ya kusa dawowa. Ashe kayan aiki yake tarawa.

Duk da haka ta ce a ranta, ba laifi, ai ya tuna. Ba ta gama faɗa ba gurasar suka fara ɓallowa daga bango. Suka gangaro, suka zubo ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, goma, ɗari, har daɓen ɗakin ya cika maƙil. Wasu a kife.

Ɗakin ya tsaya cak.

Wanda ya tashi a ƙasar nan, in ya ga ɓarɓashin gurasa a titi sai ya ɗauka, ya sumbata, ya kai goshi, ya ɗora a kan katanga. Ko kife ta a kan tebur ba a yi. Yanzu ga mutum ɗari a tsaye, gurasa ta kewaye ƙafar kowa, babu tazarar yatsa tsakanin wannan da wancan. Matar audugar ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da kafaɗar wanda ba ta sani ba. Wani tsoho mai lambar yabo a ƙirji ya duƙa da ƙyar zai ɗauki ɗaya, gurasar ta hau bayan hannunsa, ya janye yana salati. Tursunoy, wadda kullum take kukan gwiwa, ta daka tsalle ta haye bencin da ke tsakiya. Hatta matasan masu wayoyi, waɗanda suke rantsuwa su ba ruwansu da camfi, kowa ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya yana ɗaukar hoto daga inda yake.

"Ku taka," in ji muryar rufi. "Ku saki jikinku. Kowane taku yana buɗe haske."

"Ke ki sauko ki taka mana," in ji tsohon yana duban rufi.

Ashe haka aka tsara abin. Daɓen yana jin motsi, duk gurasar da aka taka sai ta fashe ta zama tartsatsi, sai an farfasa su duka kafin kallo ya wuce gaba. A Seoul, in ji takardar da aka raba a ƙofa, yara sukan gama da su cikin daƙiƙa arba'in, suna ihu suna tsalle. A nan minti ɗaya ya wuce, biyu, huɗu. Wuta tana ta ƙara a bango. Muryar tana ta roƙo. Darakta yana maƙale a jikin ƙofa yana cewa, "Jama'a, bismillah mana, ku motsa," shi kuwa a kan yatsun ƙafa yake tsaye.

Labule ya buɗe, Elyor ya fito da murmushin da ake yi wa yara.

"Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Haske ne kawai. Hoto ne, babu komai a ƙasa sai kafet. Ku duba."

Ya ɗora ƙafa a kan ta farko. Ta fashe, tartsatsi ya watsu gwanin kyau. Ɗakin ya ɗauki "Astagfirullah" baki ɗaya. Ya taka ta biyu, ta uku, yana tafe yana buɗe hannu, ya nufo inda uwarsa take don ya kama hannunta ta taya shi nuna musu.

"Wai ɗan wane gida ne wannan?" in ji matar audugar da ƙarfi.

"Mu ma baƙi ne," in ji Tursunoy daga kan benci.

Sanobar ta zuba wa ƙafarsa ido. Ta san haske ne, ba yarinya ba ce. Amma shekara talatin tana tashi kafin kiran sallah tana cusa hannu cikin wuta har gashin hannun ya daina fitowa, da wannan furen mai ɗigo ɗaya a ɓace ta saya masa takalmin makaranta, ga shi yanzu yana bi ta kai da takalmi yana murmushi. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya. Tun lokacin rumman ta zaro ƙunshin daga jaka don ya zama a shirye. Ba ta ankara ba ƙyallen ya warware. Aka ji ƙwas a ƙasa, abin ya gangara kaɗan, ya kwanta cikin 'yan uwansa.

Taku uku ya rage tsakaninsu.

"Elyor," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ta gaske ta faɗi."

Ƙafarsa tana sama ta tsaya a nan. Ya dubi ƙasa. A takardar ƙofa shi da kansa ya yi alfahari cewa ido ba zai iya bambanta gurasarsa da ta tanderu ba, kuma Allah ya gani, bai yi ƙarya ba. Ya dawo da ƙafar inda ya ɗauke ta. Ya tsaya kamar sauran jama'a. Sai ya durƙusa a hankali, da baƙin wandonsa mai tsada, ya fara laluben daɓe da tafin hannu. Duk wadda ya taɓa sai ta watse. Ya taɓa ta dama, ta watse. Ya taɓa ta gaba, ta watse. Ya miƙa hannu kusa da ƙafar uwarsa ya taɓa wata, ita ba ta je ko'ina ba.

Ya ɗauke ta, ya hure, ya sumbata ya kai goshi sau uku. Sai da ya gama sannan ya tuna akwai kyamarori.

"Af," in ji tsohon mai lambar yabo. "Ashe yana da uwa."

Elyor ya juya gurasar cikin jan hasken. Ta bushe ƙamas, ta yi nauyin katako. A gefe ga cizon, da ɗan tudu a tsakiya, wurin wushiryarsa wadda likitan Seoul ya toshe tuni. Ya daɗe yana kallo.

"Kin ajiye ta."

"A'a, ita ta ajiye kanta."

"Oyi, ki yafe mini. Kwana taran nan, wallahi..."

"Na sani. Injin."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗago da sauri, irin na wanda ya samo mafita. "To bari in ci. Yanzu, a nan, gaban kowa." Ya kai ta baki. Darakta, da ya hango hoton jarida, ya yi wa masu kyamara alama su matso, su ma suka miƙo wuya daga inda suke.

Abin da ya fito da ita daga gida ke nan. Ga shi ya zo har hannu. Amma da Sanobar ta ga bakinsa ya buɗe, sai ta ga sauran duka: zai gutsura a tsugune, a tafa masa, ya share baki, ya sumbace ta da hannu ɗaya, gobe ya hau jirgi. Ita kuma ta koma gida ta tarar da ƙusa a bango ba komai a jikinta, babu sauran abinsa da zai jawo shi. Tsoro ya kama ta wanda ya fi na ranar da ya tafi. Ta damƙe wuyan hannunsa.

"Ba a nan ba."

"Oyi, ai don wannan kika zo."

"Ka ga an taɓa cin wannan a tsugune, da leda a ƙafa? A gida ake ci. A jiƙa a shayi, a kan tabarma."

"Jirgina da sassafe ne. Akwai 'yan jarida, akwai liyafa, ga darakta..."

"Ban ce ka zauna ba." Ta saki wuyan hannunsa. "Na ga aikinka, ya yi kyau, ba zan ce ka bar shi ka zo ka sayar mini da gurasa ba. Ka zo ka cinye tsohuwa, in gasa sabuwa ka ciza mini. Shi ke nan abin da nake nema. Tanderu ba ya shigowa gidan tarihi."

Sai ga muryar rufi da ba ta san kunya ba: "Ku taka. Ku saki jikinku."

Sanobar ta karɓi gurasar ta naɗe, ta juya za ta fita, ta tsaya. Tsakaninta da ƙofa taku ashirin ne, duk a shimfiɗe da aikin hannunta. Elyor ya dube ta, ya dubi daɓen. Ya danna abin kunnensa.

"Kashe ƙasan."

"Elyor, ɗana," in ji darakta, "ƙasan nan ita ce rabin aikin! Ita muka sa a talla!"

"Na ce a kashe."

Daɓen ya mutu. Kafet ne, ruwan toka, har da tabon shayi a gefe. Mutum ɗari suka sauke numfashi tare. Matar audugar ta sauke ƙafarta, Tursunoy ta nemi a riƙe ta ta sauko, gwiwar ta dawo. Tsofaffi suka nufi ƙofa suna tambayar ina shayin da aka yi alkawari. Wani ɗan jarida ya tare tsohon mai lambar yabo ya tambaye shi yadda ya ji.

"Ya yi kyau ƙwarai," ya ce, "musamman da aka kashe."

Elyor ya cire abin kunnen ya danƙa wa darakta a hannu, ya ce masa sa'a uku. Darakta ya buɗe baki, babu ko "zamani" ɗaya da ta fito.

A tasi Elyor ya zauna gaba, su biyu a baya. Wayarsa tana ta ƙara, ya kife ta a cinya. Tursunoy tana ba direba labarin abin da ya faru, da ƙari, har ta kai inda ita ce ta fara cewa a kashe. Da suka shiga layin kasuwa Elyor ya juyo.

"Oyi, har yanzu bishiyar inabin tana nan?"

"Tana nan. Ita ba ta da inji."

Ya yi dariya, dariyarsa ta da, ya koma kallon titi yana karanta sunayen shaguna a hankali.

Sanobar ta riƙe ƙunshin a cinya da hannu biyu. Ta yi murna, murna ta gaske, sa'a uku ba kaɗan ba ce. Amma tun kafin motar ta kai kwanarsu hankalinta ya riga ya tafi kan kwaɓi. Ba za ta sa madara ba, madara tana sa funfuna. Za ta ƙara gishiri, ta rage ruwa, ta bar ta a wuta fiye da sauran. Gurasar da za ta daɗe a bango ba irin ta ci ake yi mata ba.